Ƙarar Gayya a Kan Bankuna: Wa Hatimin Alƙali Yake Wa Aiki?

A ce wani mutum yana da dala 100 a asusunsa na bankin Wells Fargo a jihar Kalifoniya, wajen shekarar 2007. Da safe ya sayi kofi da katinsa, dala 5. Da hantsi ya sha mai na dala 15, da azahar ya ci abincin dala 10. Saura dala 70. Da la'asar sai ya yi sayayyar dala 95, wato ya zarce abin da ke cikin asusun sau ɗaya tak. Bankin ya biya masa, amma akwai tara, wadda a lokacin takan kai dala 35. Ko ɗan firamare ka ba wa lissafin zai ce tara ɗaya ce. Kwamfutar bankin kuwa ba haka take lissafi ba. Idan dare ya yi sai ta jera cinikin ranar daga babba zuwa ƙarami: a fara cire 95, saura 5, daga nan mai da abinci da kofi duk su faɗa rami. Tara uku ke nan, kofin dala 5 ya tashi a dala 40.

A watan Agustan 2010 Alƙali William Alsup na kotun tarayya da ke San Francisco ya yanke hukunci cewa da gangan bankin ya tsara haka don ya tatsi tara, kuma ya rufe wa abokan hulɗarsa gaskiyar tsarin. Ya umarce shi ya mayar da dala miliyan 203 ga mutane sama da miliyan ɗaya. Bankin ya yi ta ɗaukaka ƙara har 2016, lokacin da Kotun Ƙoli ta ƙi sauraronsa. Miliyan 203 ɗin jaridu suka fi yayatawa. Amma lauyan da ya san kan aikinsa zai gaya maka tun 2008 aka ci rabin shari'ar, ranar da Alsup ya yarda 'yan tsirarun da suka shigar da ƙarar su yi magana da bakin duk wanda aka yi wa irin wannan lissafi.

Wannan ita ce zan kira ƙarar gayya. Masu ƙarar ayari ne, wanda ya sa sunansa a gaba shi ne madugu, yardar alƙali kuma hatimi ne da ake buga wa ayarin kafin ya tashi. Doka ta 23 a cikin ƙa'idojin kotunan tarayyar Amurka, wadda aka yi wa garambawul a 1966, ita ta shimfiɗa tambayoyin da alƙali zai yi. Shin mutanen sun yi yawan da ba za a iya kiran su ɗaya bayan ɗaya ba? Akwai tambaya guda da ta haɗa su? Ciwon madugu irin ciwon 'yan ayari ne? Shi da lauyoyinsa za su riƙe amanar waɗanda ba su taɓa taka kotun ba? In diyyar kuɗi ake nema akwai ƙari: dole abin da ya haɗa mutanen ya rinjayi abin da ya raba su, kuma gayyar ta fi sauran hanyoyi dacewa. Da zarar an buga hatimin, kana cikin ayari ko ka sani ko ba ka sani ba, sai fa in ka rubuta cewa ka fita.

Kan wannan hatimi ake tafka dambe, domin kowane ɓangare ya san abin da ke bayansa. In an hana shi, galibi maganar ta mutu murus. In an bayar, da wuya a kai ga yanke hukunci, sai dai a zauna a yi ciniki. Shari'ar Wells Fargo da ta kai har ƙarshe tana cikin 'yan kaɗan.

Masu goyon bayan a sauƙaƙa hatimi suna farawa da tambayar da ba ta da amsa mai daɗi: wa zai ɗauki lauya saboda dala 70? Alƙali Richard Posner na kotun ɗaukaka ƙara da ke Chicago ya faɗi abin ƙarara a 2004, a wata ƙara ta mutum miliyan 17 kan bashin da kamfanin Household da H&R Block ke bai wa masu jiran gwamnati ta mayar musu da rarar haraji. Ma'anar maganarsa ita ce, in aka hana gayya ba ƙara miliyan 17 za a gani ba, ko ɗaya ba za a gani ba, don babu mai zuwa kotu kan dala 30 sai mahaukaci ko mai taurin kai. Banki ma ya san haka. Wanda ya yagi dala dubu daga mutum ɗaya zai gamu da lauya. Wanda ya tsinci dala goma-goma daga mutum miliyan ya fi shi samu, kuma babu mai ɗaga masa murya.

Hujjarsu ta biyu ita ta fi kama ni. Banki ba ya zama da kowane abokin hulɗa ya yi ciniki da shi. Takarda ɗaya ce kowa ke sa wa hannu, manhaja ɗaya ce ke jera cinikin kowa da tsakar dare. A wajen karɓa, bankin da kansa ya mai da mutane ayari. To don me in an zo wajen mayarwa zai ce kowa daban yake, a bi su ɗaiɗai? A 2011 Kotun Ƙoli ta wargaza ayarin mata kusan miliyan ɗaya da rabi da suka kai kamfanin Walmart ƙara kan nuna bambanci, bisa dalilin cewa dubban manajoji ne suka yanke shawarwari daban-daban, babu amsa guda da za ta warware ƙorafin kowa. Bankuna sun yi murna da wannan hukunci, amma a ganina ya fi zama hujja a kansu. A wajen banki manaja ɗaya ne, ita ce kwamfuta, kuma tana ajiye tarihin kowane kwabo.

Sai batun tsoratarwa. Ƙararrakin tarar zarcewa da aka tattara a Miyami gaban Alƙali James Lawrence King sun sa Bank of America ya biya dala miliyan 410 a 2011, JPMorgan Chase kuma miliyan 110 a shekarar da ta biyo. Masu goyon baya suna cewa ko da kowa bai samu abin kirki ba, bankin ya amayar da wani abu daga abin da ya haɗiye, na gaba kuma zai yi tunani sau biyu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

A daidai nan masu adawa ke cewa a tsaya, a ɗauko alƙalami. Miliyan 410 ɗin nan ta mutum sama da miliyan 13 ce. Lauyoyi sun kwashi kashi 30 cikin ɗari, dala miliyan 123. Raba sauran ka gani: kowa zai tashi da dala ashirin da 'yan kai, abin da bai kai tara ɗaya ba, alhali wasu an ci su tara goma. A madadin wannan kuwa, duk wanda bai fita ba ya yafe ƙorafinsa har abada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Suna ƙarawa da cewa sauyin da aka gani bai rataya a kan kotu kaɗai ba, domin a 2010 aka fara aiki da ƙa'idar Babban Bankin Amurka da ta hana cin tarar zarcewa a kan sayayyar kati sai da yardar mai asusu. Aikin da hukuma za ta yi da takarda ɗaya, me ya sa sai an biya lauyoyi miliyoyi?

Akwai labarin da masu adawa ba sa gajiya da bayarwa, kuma ya cancanci a maimaita shi. A 1994 wata kotun jihar Alabama ta amince da sulhu a ƙarar gayya kan Bank of Boston, wanda aka zarga da riƙe kuɗin ajiyar masu bashin gida fiye da kima. An ce ayari ya yi nasara. Wani mutum a jihar Maine, wanda bai san da wata ƙara ba, ya duba takardarsa ya ga an zuba masa dala 2 da santi 19, an kuma cire masa dala 91 da santi 33 kuɗin lauyoyin da suka wakilce shi. An yi ba a yi ba. Irin wannan ne ya taimaka wajen kafa dokar 2005 da ta kwashe manyan ƙararrakin gayya daga kotunan jihohi zuwa na tarayya.

Ko a manyan shari'o'i amanar kan yi rauni. 'Yan kasuwa kusan miliyan 12 sun shiga ayari ɗaya kan kuɗin da Visa da Mastercard da bankunansu ke yanka a kowane cinikin kati. A 2012 aka daidaita a kan dala biliyan 7.25. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da sulhun, domin lauyoyi guda ne suka tsaya wa masu neman diyyar baya da kuma waɗanda buƙatarsu gyaran gaba ce, har da shagunan da ba a buɗe ba tukuna. An sayar da gobensu don a ƙara wa na jiya kuɗi, kuma ba a ba su ƙofar fita ba. Tambayar riƙon amana da ke cikin Doka ta 23, wadda wasu ke ɗauka cike gurbi ce, ita ta ceci waɗannan mutane.

Bankuna kuma suna da nasu kukan, kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Suna cewa hatimi kan mai da ƙarar da ba ta da ƙarfi ta zama wuƙa a wuya. In ana neman ka da biliyan goma, ko da kashi biyar cikin ɗari ne yiwuwar ka faɗi, hankali zai ce ka biya miliyan ɗari uku ka huta. Shi kansa Posner ya yi wannan gargaɗi a 1995, a wata shari'ar da ba ta banki ba. Saboda haka ne a 1998 aka ƙara wa dokar sashen da ya ba da damar ɗaukaka ƙara kan hatimin kansa, ba sai an jira ƙarshen shari'a ba.

Shari'ar Goldman Sachs ta nuna inda wannan dama ke kai mutane. A Afrilun 2010 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta kai bankin ƙara kan wata haja mai suna Abacus, wadda aka ɗinka daga basussukan gidaje. An sayar wa masu zuba jari ba tare da an gaya musu cewa kamfanin John Paulson, wanda ya sa hannu wajen zaɓen basussukan, ya yi caca a kan cewa za su rushe ba. A ranar farashin hannun jarin Goldman ya faɗi da kusan kashi 13 cikin ɗari, daga baya bankin ya biya tarar dala miliyan 550. Sai masu hannun jari, ƙarƙashin asusun fanshon malaman jihar Arkansas, suka ce an yaudare su, suka nemi sama da dala biliyan 13. Yaudarar da suka nuna ita ce kalaman da bankin ke sakawa a rahotanninsa, irin su cewa bukatun abokan hulɗa ne a gaba kuma gaskiya ce ginshiƙin aikinsa. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1988 ake ɗauka cewa duk wanda ya sayi hannun jari ya dogara da farashin kasuwa, farashin kuma ya haɗiye duk abin da kamfani ya faɗa, don haka ba sai kowa ya rantse ya karanta rahoton ba. Ba don wannan zato ba, da babu ayarin masu hannun jari ko ɗaya. Goldman ya ce kalaman nan kirari ne da kowane banki ke yi wa kansa, ba su ɗaga farashi ko da santi ba, ya kuma nuna cewa sama da sau talatin jaridu sun ba da labarin irin wannan cin amana farashin bai motsa ba. Sau uku alƙali yana buga hatimi, a 2015 da 2018 da 2021. Maganar ta je Kotun Ƙoli a 2021. A Agustan 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta wargaza ayarin. Sama da shekara goma ana gardama a zaure, ba a shiga cikin gida ba.

A nan zuciyata ba ta tare da kowa ɗungurungum. Abin da Goldman ya yi a Abacus ba abin yabo ba ne. Amma waɗanda ya cuta kai tsaye su ne masu sayen hajar, kuma a ƙarar masu hannun jari kuɗin diyya yakan fito ne daga aljihun kamfani, wato daga masu hannun jarin yau zuwa na jiya, waɗanda sau da yawa asusun fansho ɗaya ne ke riƙe da duka biyun. Daga aljihun dama zuwa na hagu, lauya ya yanki nasa a hanya.

Shari'ar TransUnion ta fi ci mini rai. Wannan kamfani ne mai tattara tarihin bashin mutane, wanda masu ba da rance ke tuntuɓa. Ya riƙa gwada sunayen mutane da jerin da Baitulmalin Amurka ke ajiyewa na 'yan ta'adda da dillalan ƙwaya, kuma suna da sunan mahaifi kawai yake dubawa, ba ranar haihuwa, ba komai. Duk wanda ya san yawan masu suna Muhammad Sani a unguwa ɗaya a Kano zai gane haɗarin. A 2011 wani mutum ya je sayen mota a Kalifoniya aka ce sunansa na cikin jerin. Ayarin mutum 8,185 ya yi nasara, masu taya alƙali hukunci suka ba su kusan dala miliyan 60, aka rage zuwa kusan 40. A 2021 Kotun Ƙoli, da ƙuri'a biyar da huɗu, ta ce mutum 1,853 ne kawai ke da bakin magana kan tabon, su ne waɗanda aka aika wa wani rahotonsu. Sauran, tun da ƙaryar tana kwance a cikin kwamfuta babu wanda ya gani, ba a cuce su ba tukuna. Masu adawa sun ce daidai ne, kada a cusa wanda bai ji ciwo ba cikin ayarin majinyata. Ni kuwa na ga kamar an ce wa wanda aka haƙa wa rami a ƙofar gida ya dawo in ya karye.

Duk wannan gardama ma ta kusa zama tarihi ga mai ƙaramin asusu, saboda wani layi da ke can ƙasan takardar buɗe asusu: in rigima ta taso, ba kotu, ba gayya, sai gaban mai raba gardama mai zaman kansa, kai kaɗai. Kotun Ƙoli ta halatta wannan a 2011. A 2013 ta ƙara ɗaure shi a ƙarar da wani gidan abinci na Oakland ya kai American Express, duk da cewa abin da zai iya samu bai kai dala dubu 40 ba, kuɗin masanin da zai tabbatar da ƙorafin kuma zai kai ɗaruruwan dubban daloli. Lokacin da asirin Wells Fargo ya tonu a 2016, cewa ma'aikatansa sun buɗe wa mutane miliyoyin asusu ba da saninsu ba, bankin ya daɗe yana kafa hujja da wannan layi na asusun gaskiya don ya toshe ƙara kan asusun bogi. Sai da surutu ya yi yawa ya yarda da sulhun gayya na dala miliyan 142.

Bankuna suna cewa mai raba gardama ya fi sauri da arha, wanda ya ci a can kuma yakan samu fiye da ɗan abin da gayya ke rabawa. Gaskiya ne, ga wanda ya je. Binciken da hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta fitar a 2015 ya nuna ƙorafi kusan ɗari shida ake kaiwa can a shekara, a ƙasar da ke da ɗaruruwan miliyoyin asusu, alhali mutum miliyan 34 sun karɓi kuɗi ta hanyar gayya cikin shekara biyar. Hukumar ta hana saka layin hana gayya a Yulin 2017. A Oktoba Majalisar Dattawa ta soke hanin, ƙuri'a 50 da 50, Mataimakin Shugaban Ƙasa Mike Pence ya raba gardamar.

Mai asusu a Najeriya ba baƙo ba ne ga 'yan cire-ciren nan: kuɗin alat, kuɗin kula da kati, kuɗin tura kuɗi. Galibinsu Babban Banki ya halatta su, ya kuma ƙayyade su. Amma a ce wata manhaja ta ƙara naira goma a kan ƙa'ida a asusu miliyan biyar, hanyar da aka sani ita ce kowa ya rubuta wa bankinsa, in bai gamsu ba ya kai kuka sashen kare masu hulɗa na Babban Banki. Kuɗin mota zuwa reshe ya ninka abin da ake nema. Kotunanmu sun daɗe da sanin ƙarar wakilci, inda mutum ɗaya ko biyu ke tsayawa a madadin dangi kan rigimar fili ko sarauta, amma gayya irin ta Amurka ba ta yi jijiya ba. Duk ranar da za a dasa ta, gara a ɗauko darasin tare da tabonsa.

Ni dai ina bayan hatimi, amma ba a kowace ƙara ba. Inda cutar ta fito daga takarda ɗaya ko manhaja ɗaya, kuma littafin bankin da kansa zai nuna wa aka cire wa nawa, ban ga dalilin da alƙali zai hana ba, ban kuma ga dalilin da layi ɗaya a ƙasan takarda zai ɗaure masa hannu ba. Inda sai an yi hasashe kan abin da ya motsa farashin kasuwa, ko inda 'yan ayari ke fuskantar gabas da yamma, to ya tsananta bincike, ko da za a ce ya yi rowa. Kuma tun ranar hatimi ya tambayi lauyoyi yadda kuɗin zai isa hannun mutane, ya auna ladansu da abin da ya isa ɗin, ba da lambar da aka buga a jarida ba. Abu ne mai yiwuwa: a shari'ar Wells Fargo masani ɗaya ne ya zauna da bayanan bankin, ya sake jera cinikin kowane asusu, ya fitar da abin da ake bin bankin mutum bayan mutum.